In sayi sabuwar na'urar CD ne ko in koma filas da waya?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar min faifan CD sun kai 300, akwai karatu, akwai tafsiri, akwai waƙoƙin da na Hausa da na Sudan da na Indiya har da na Turawa. Na'urar da muke sawa a falo ta jima tana tsalle-tsalle, yanzu ma in an sa faifai sai ta yi ta juyi ta ce babu komai a ciki. Amfilifaya da sifikun suna nan lafiya lau. Wani abokina ya ce kar in ɓata kuɗina, in zuba komai a filas kawai, wani kuma ya rantse min sautin CD ba shi da na biyu. Kuɗin hannuna ba su da yawa, wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya kai haske kabarinsa. In na fahimce ka daidai, abubuwa biyu ne suka haɗe maka wuri ɗaya: na farko kana so ka san ko da gaske faifai ya fi fayil daɗin sauti, na biyu kuma kana so ka san inda ya kamata ɗan kuɗin naka su tafi. Abokan naka duk biyun kowa ya kamo wani ɓangare na gaskiya, sai dai kowa ya saki ragowar. Ni dai na daɗe ina buɗe cikin waɗannan na'urori ina haɗa wa mutane sauti a falo, to bari in faɗa maka yadda nake ganin abin.

Me ke cikin faifan tukuna

Mutane da yawa suna ɗaukar CD kamar ɗan uwan kaset ne ko faifan garmaho, wato wani abu ne da sautin yake kwance a jikinsa. Ba haka ba ne. CD tun ranar da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 lambobi ne zalla a ciki, sifili da ɗaya, irin dai na kwamfuta. An ɗauki sautin an auna shi sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo an rubuta shi da bit 16, wato sifili ko ɗaya guda 16, hagu daban dama daban, in ka lissafa zai ba ka kilobit 1,411 a sakan ɗaya. Aikin na'urar shi ne ta juya faifan, idonta ya haska wani siririn haske ya karanto lambobin, sannan wani ɗan guntun abu da ake ce wa DAC ya mayar da lambobin nan su zama sautin da amfilifaya za ta iya ɗauka ta tura sifika. Shi ke nan fa.

To in lambobi ne, ai ana iya kwafe su. In ka kwashe faifai zuwa kwamfuta a tsarin WAV ko FLAC, abin da ka samu shi ne ainihin lambobin da ke faifan, ba a rage ko ɗaya ba. FLAC ɗin ma matse fayil ɗin kawai yake yi ya koma kusan rabi ko sama da rabi kaɗan, in an zo kunnawa ya warware shi ya dawo yadda yake cif, kamar ka naɗe tabarma ka sake shimfiɗawa. Don haka in aka tura faifai da fayil ɗinsa na FLAC ta DAC ɗaya, amfilifaya ɗaya, sifika ɗaya, babu wani bambanci da za a samu, domin abu ɗaya aka kunna sau biyu.

To me ya sa abokinka yake rantsuwa?

Saboda abin da ya ji da kunnensa gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce ba daidai ba. Shi bai gwada CD da FLAC ba, ya gwada CD ne da abin da ke cikin wayarsa, kuma abin da ke cikin wayoyinmu yawanci MP3 ne da aka ci zalinsa. MP3 da Jamusawa suka jagoranci ƙirƙirarsa a cibiyar Fraunhofer, dabararsa ita ce ya zubar da sassan sautin da yake ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba. In an yi shi a kilobit 320 a sakan wallahi yana da kyau ƙwarai, mutane kaɗan ne za su iya raba shi da CD ido a rufe. In an yi shi a 128 kuwa an zubar da kusan kashi tara cikin goma na lambobin, a sifika mai kyau za ka fara jin saman sautin yana wani shuu-shuu, ƙarar kuge ko tafi ta zama kamar ana murza leda. Mu kuma a nan abin ya wuce haka, waƙa ɗaya an ciro ta daga bidiyon YouTube, an mayar da ita MP3, wani ya sake matse ta don ta yi sauƙin turawa, ta biyo ta hannun masu tura waƙoƙi a memori a bakin kasuwa, wani ma a gaban sifika ya ajiye waya ya ɗauka. Duk matsewar da aka sake yi sai an sake yin asara, kuma abin da ya zube ba ya dawowa, ko da daga baya ka mayar da fayil ɗin FLAC ka ga ya yi nauyi, nauyin banza ne.

Sai kuma Bluetooth, wanda shi ma matse sautin yake yi kafin ya tura. Tsarin da kowace na'ura take da shi, SBC, iyakarsa wajen kilobit 328 ne, LDAC na Sony yana kaiwa 990 amma sai wayar da abin karɓar duk suna da shi. Ka ga ke nan MP3 mai rauni an ƙara matse shi a hanya.

Akwai kuma wani abu da kusan kowa yake faɗawa tarkonsa, ƙarfin murya. Na'urar CD tana fitar da wajen bolt 2 ta wayoyinta ja da fari, ramin iyafis na waya kuwa yawanci ba ya wuce bolt 1, wasu ma ba sa kaiwa. In ka sauya daga CD zuwa waya ba ka taɓa maɓallin ƙara ba, wayar za ta fito a raunane, kunnen ɗan Adam kuma duk abin da ya fi ƙara kaɗan sai ya ce ya fi cika, ya fi bas, ya fi rai. Na taɓa yi wa wani Alhaji wannan gwajin a falonsa, mutum ne mai son kaya masu tsada kuma yana da kunne ba laifi. Na kwashe faifansa ɗaya zuwa laftof, na haɗa duka biyun a DAC ɗaya, na daidaita ƙarar, na tsaya a bayan kujerarsa ina sauyawa. Ya yi ta zaɓa da ƙarfin gwiwa, sau da dama wanda ya ce "yauwa wannan ne faifan" laftof ɗin ne. Da na gaya masa dariya ya yi ya ce to shi dai a bar masa na'urarsa, yana son ya ga tiren ya fito ya koma. Kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, zan dawo kan wannan.

Kafin ka kashe ko kwabo, duba faifan naka

Wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya maka a cikin abokan naka, kuma a ƙasarmu shi ne ya fi muhimmanci. Ba duk faifan da ke cikin kwalin Baba ne CD na kamfani ba. Juya bayan kowanne ka duba a haske. Wanda aka buga a masana'anta bayansa fari ne tas kamar azurfa. Wanda aka ƙona a kwamfuta, wato CD-R, za ka ga yana ɗan kore-kore ko shuɗi-shuɗi ko ruwan zinariya, kuma in ka karkata shi za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Yawancin na wa'azi da tafsiri da waƙoƙin gida da aka riƙa sayarwa a irin su Ƙofar Wambai da tashoshin mota da bakin masallatan Juma'a irin na biyun ne. Rubutunsu a jikin wani rini yake, zafi da rana suna cinye shi a hankali, faifan yana kwance a kwali ba wanda ya taɓa shi amma yana mutuwa. Ka tuna yadda ɗaki yake zama a watan Afrilu, ka lissafa shekarun da suka yi a ciki.

Sannan ka sa shi a kwamfuta ka ga me za ta nuna. In ka ga waƙoƙi 10 ko 15 masu ƙarshen suna cda, to CD ne na sauti, wanda iyakarsa minti 74 zuwa 80. In kuwa ka ga fayiloli 100 ko fiye a faifai ɗaya, ko izu sittin cif a faifai guda, to MP3 ne aka zuba a ciki, faifan matsayin filas kawai yake, ba wani sautin CD a tare da shi, kwafe su kawai za ka yi ka ajiye. Har ma na farkon akwai waɗanda daga MP3 ko daga tsohon kaset aka ƙona su. Akwai wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Spek da take zana maka hoton sautin, in ka ga an yanke saman kamar da wuƙa a wajen 16 kHz (kHz shi ne ma'aunin siririntar sauti) to ka san asalinsa MP3 ne mara nauyi. Ina faɗa maka wannan ne don kar ka je ka zuba kuɗi a na'ura mai tsada saboda faifan da rabinsu ba su ɗauke da abin da kake biyan kuɗin dominsa.

Amma kuma ta wani gefen waɗannan na gidan su ne suka fi daraja. Waƙar Turawa ko ta Indiya in faifan ya mutu za ka same ta a intanet gobe. Tafsirin da wani malamin unguwa ya yi shekara ashirin da suka wuce, ko kiɗan kukuma da aka ɗauka a wani biki, wataƙila kwafin da ke hannunka ne kaɗai ya rage. Da su za ka fara.

Ita na'urar da ta lalace

Ban gan ta ba, don haka ba zan yanke mata hukunci daga nan ba, amma alamun da ka faɗa na san su sarai. Tsalle-tsalle sannan daga baya ta daina ganin faifai, mafi yawan lokaci ido ne, ko dai ƙura ta rufe shi ko kuma hasken ya tsufa. Ƙurar hunturu ba ta da kunya, tana shiga ko'ina, kuma faifan da yake juyi sau 200 zuwa 500 a minti iska yake ja yana tara ta a kan gilashin. Cire wuta, kwance murfin, za ka ga wani ɗan gilashi kamar ƙwayar idon kifi a ƙarƙashin inda faifai yake zama. Sami auduga mai tsinke ka ɗan jiƙa ta da sifirit mai kyau, ka shafa a hankali kamar kana taɓa idon jariri, don a kan wasu siraran wayoyi yake lilo. Bar shi ya bushe ka gwada. Na ga na'urori da yawa da masu su suka fitar da rai sun tashi da wannan kaɗai. Kar ka leƙa idon in da wuta a jiki, haskensa ba a ganinsa sosai amma yana nan.

In ba ta tashi ba sai a canza idon gaba ɗaya. Na'urori da yawa na wancan zamanin idon Sony suke amfani da shi, irin su KSS-213, kuma ana samunsa, sai dai na yanzu ingancinsu sai addu'a. Abu ɗaya da zan ja maka kunne: akwai wani ɗan sukuru a jikin idon da yake ƙara ƙarfin hasken, wasu masu gyara suna murɗa shi, na'ura ta tashi a gabanka ka biya ka tafi, bayan wata biyu idon ya ƙone gaba ɗaya. In mai gyara ya ce maka "na ɗan ƙara mata wuta" to ka san abin da ya yi ke nan. In kuma tire ne yake ƙin fitowa, wannan bel ne ya saki, abu ne na ƙananan kuɗi.

Sabuwa fa? Kamfanonin Marantz da Denon da Yamaha har yanzu suna yi, kuma masu kyau ne, amma kuɗinsu da dala ake lissafawa, ni ba zan ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya nufi can ba. Ta hannu mai lafiya ko ma DVD ta gida ta ishe ka, duk DVD tana karanta CD. In za ka sayi ta hannu tafi da faifanka guda biyu, ɗaya na kamfani ɗaya ƙonanne, ka sa ta kunna waƙar ƙarshe, domin CD daga tsakiya yake farawa ya nufi baki, ido mai rauni kuma sau da yawa a can bakin yake fara nuna halinsa.

Yadda za ka kwashe su

Kana buƙatar kwamfuta mai cin faifai, in laftof ɗinka irin na yanzu ne da ba su da wurin, akwai na waje da ake haɗawa ta USB. A Windows ka nemi Exact Audio Copy, kyauta ce, a Mac kuma XLD. Amfaninsu shi ne in sun zo wurin da faifai ya karce sai su yi ta maimaita karantawa har su samu daidai, abin da na'urar falo ba ta da lokacin yi tunda ita dole ta ci gaba da waƙa, in ta kasa sai ta yi cike ko ta yi tsalle. Shi ya sa wani faifan da yake tsalle a falo yake fitowa lafiya a kwamfuta. Zaɓi FLAC. Faifai ɗaya zai ci wajen megabait 300 zuwa 400, duka 300 ɗin naka ba za su wuce gigabait 120 ba ko da dukkansu na sauti ne. In kana yin 10 a rana bayan Isha'i wata ɗaya ka gama.

Wahalar ba a kwashewar take ba, a rubuta suna take. Na kamfani manhajar za ta nemo sunayensu da kanta in akwai intanet, na gida kuwa ba wanda ya san da su, da hannunka za ka rubuta sunan malami ko mawaƙi da shekara in an rubuta a jiki. Kar ka ce sai daga baya. Na ga mutumin da yake da folda cike da waƙa ta 1, waƙa ta 2, har ɗaruruwa, shi kansa bai san mene ne a ciki ba. Ka ɗauki hoton bangon kowane faifai ka jefa a foldarsa, musamman in akwai rubutun hannun Baba a kai.

Faifan da ya yi datti ka goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Kuma ka fi kula da saman da aka yi rubutu, don lambobin suna dab da ƙarƙashin fentin ne, karcewar sama ta fi ta ƙasa illa nesa ba kusa ba.

Sai babbar matsalar fayil, wadda a nan faifai ya fi shi: faifai ɗaya-ɗaya yake mutuwa, had dis kuwa, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, rana ɗaya yake tafiya da komai. Faɗuwa ɗaya daga kan tebur, ko NEPA ta kawo wuta da hauka, shi ke nan. Dole ka ajiye kwafi biyu aƙalla, ɗaya a gidanka ɗaya a gidan wani ɗan uwa, faifan kuma kar ka zubar, su ne kwafi na uku. Ka kuma yi hattara da filas da memori na jabu, an rubuta gigabait 128 a jiki alhali cikinsa bai fi 8 ba, zai nuna maka yana karɓa, sai ka zo kunnawa ka tarar da fayilolin sun zama fanko. Akwai manhajar H2testw da take cika shi ta gwada gaskiyarsa, yi wannan kafin ka amince masa.

Da me za ka kunna a falo

Tunda amfilifayarka tana da lafiya, hanya mafi sauƙi ita ce tsohuwar waya ko tsohon laftof da ba a amfani da shi, ka sayi ɗan ƙaramin DAC na USB, ka ja waya daga shi zuwa ramin da na'urar CD take shiga a bayan amfilifayar. VLC tana kunna FLAC a waya da kwamfuta, foobar2000 ma haka. In ka ji wani zuuu yana bin sautin, cire cajar ka gani, sau da yawa caja mai arha ce take kawo shi, musamman in a kan janareta ko inbata ake. Ramin USB na jikin DVD ko irin sifikun nan masu rimot kuwa ka gwada kafin ka dogara da shi, da yawansu MP3 kaɗai suka sani, kuma sai an yi wa filas ɗin fomat a tsarin da ake kira FAT32 suke ganinsa. In haka ne sai ka yi kwafin MP3 na 320 daga FLAC ɗin don su da mota, asalin kuma ya zauna a ajiye. Karatu da tafsiri ma ko a 128 ba za ka ji sun ragu ba, muryar mutum ɗaya ba ta da nauyin ganguna da goge da algaita a haɗe.

Za ka ji ana tallan fayiloli masu bit 24 da 96 kHz ko 192, wato an auna sautin sau 96,000 ko 192,000 a sakan, ana cewa sun fi CD. A wurin masu haɗa waƙa a situdiyo suna da amfani. A falo kuwa, CD ya riga ya ɗauki sauti har 22 kHz, kunnen yaro mai lafiya a 20 yake tsayawa, namu da muka manyanta ya sauko ƙasa da haka sosai, ni nawa ma da ya sha ƙarar sifikun biki ba na yi masa kyakkyawan zato. Ga fanka tana juyi ga janaretan maƙwabci. Akwai masu cewa suna jin bambanci a kayan miliyoyi, ba zan ƙaryata kunnen kowa ba, amma a irin kayan da ni nake haɗawa ban taɓa jin abin da zai sa in ce ka biya ƙari ba. Manhajojin saurare ta intanet irin su Boomplay da Audiomack da Spotify suna da daɗi don neman sabon abu, sai dai ka san haya kake yi, ran da data ta ƙare ko aka cire waƙar ba ka da ita, kuma sauti mara matsi yana iya cin megabait 300 zuwa 400 a awa ɗaya.

Da ni ne kai, ga yadda zan raba kuɗin: in fara goge idon tsohuwar, in ta tashi alhamdu lillahi, in ta ƙi in nemi ta hannu mai arha. In sayi had dis biyu da ɗan DAC. In akwai saura in sa a sitabilaiza mai kyau, don abin da ya fi kashe kayan sauti a gidajenmu wuta ce. Sifikun kuma ka ɗaga su daga ƙasa su zo daidai kunnenka in kana zaune, ka ɗan janye su daga lungun bango, wannan kyauta ne kuma canjin da za ka ji ya fi na kowace sabuwar na'ura.

Na ce zan dawo kan maganar Alhajin nan. Dalilin da ya sa ban ce ka rabu da na'urar gaba ɗaya ba shi ne, akwai mutanen gida. Hajiya in tana nan, ita ta san faifan da take so da launin bangonsa, ta san ta danna maɓalli ɗaya karatu ya tashi, ba za ta shiga folda cikin folda a waya ba, kuma kira ba ya shigowa ya katse mata sura a tsakiya. In ka ga wanda take yawan sawa, ƙona mata kwafinsa a sabon CD-R daga FLAC ɗin ta riƙa amfani da shi, na asalin ka mayar kwalinsa ka ajiye a tsaye a inda rana ba ta kaiwa.